Zauren Harshe: Tsira ya yi, ko tserewa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa, ya iyali? Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidanmu, na ce bari in kawo ta gabanka. Ɗana na biyu yana karatu a Kartum lokacin da yaƙi ya ɓarke cikin azumin 2023. Kwana 11 suka yi a ɗakin kwanan ɗalibai suna jin harbi dare da rana, sannan aka zuba su a bas zuwa iyakar Masar. Can ma suka yi kwanaki a rana kafin a bar su su shiga, daga Aswan jirgi ya kawo su Abuja. Alhamdu lillahi ya dawo mana ko ƙwarzane babu, sai rama da baƙi. To, a watan jiya aka ɗaura masa aure. Wajen walima ƙanen mahaifinsa ya tashi jawabi, ya ce "wannan yaro da ya tsere daga Sudan". Yaron bai tanka ba a wurin, amma washegari da ya zo gaishe ni ya ce, "Umma, ni fa ba tserewa na yi ba, kwaso mu aka yi." Na ce haba, kwasowa sai ka ce shara ko kayan wanki? Cewa za a yi ka kuɓuta. Mahaifinsa na gefe yana shan shayi, ya ce duk ba mu iya Hausa ba, tsira ya yi. Malam, ka raba mana gardama. Wace kalma ce daidai ga mutumin da ya bar wuri lafiya?

Wata uwa, Gwammaja, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Barka da arziki. Na san an kwana biyu da dawowar yaron, amma irin wannan barkar ba ta tsufa. Allah ya sanya albarka a auren, ya kawo zuri'a ɗayyiba.

Tun da hukunci kike so, ga shi tun daga farko: Alhaji, mahaifin yaron, ya fi ku kusa da gaskiya. Sai dai kada ki yi saurin kai masa mujallar, domin in kin bi ni a hankali za ki ga shi ma bai gama kamo bakin zaren ba. Ku huɗun nan abu ɗaya kuka kalla, kowa daga inda yake tsaye.

Mu fara da wanda ya tayar da ƙurar, wato Baffan ango. Tsere ba zagi ba ce a asalinta. Kalma ce ta gudu tsakanin biyu, mai gudu da mai bi. Shi ya sa muke da tseren dawaki da tseren keke, yaro ya ce wa ɗan'uwansa "na tsere maka", maroƙi ya ce ubangidansa ya tsere sa'a, har a miƙa masa kuɗi a kan haka. Amma da zarar ka liƙa mata "daga", ka ce wane ya tsere daga wuri kaza, kunnen Bahaushe sai ya shiga neman wanda ya biyo shi da dalilin biyowar. Kullum a rediyo wa muke ji ya tsere? Ɓarawo, fursuna, direban da ya buge yaro, uwar adashen da ta tattara zubin mutane. Kalmar ta daɗe tana yawo da irin waɗannan har warinsu ya kama ta, kuma wannan warin ne ango ya shaƙa, a gaban surukansa ma. Ki tuna ɗalibi ne da karatu ya yanke masa a tsakiya. A ce ya tsere, sai ka ce shi ya ga dama ya watsar da littafi ya ranta a na kare.

Bayan haka tsere ba ta yi wa kowa alkawarin lafiya ba. Mutum zai tsere da harsashi a cinya ya je ya faɗi a daji. Zai tsere daga Kano a cafke shi a Zariya. Ƙafa kawai kalmar take kallo.

Ni da kaina an taɓa koya mini wannan darasi, ta ɗaya gefen. Ina sabon shiga ɗakin labarai a wani gidan rediyo a Kaduna, shekaru fiye da 30 da suka wuce, aikin dare ya faɗo kaina. Labari ya zo da Turanci cewa wasu 'yan fashi uku sun gudu daga hannun 'yan sanda a hanyar kai su kotu. Na zauna gaban tafireta na buga: 'yan fashin sun tsira. Editanmu wani dattijo ne Bazazzagi, ba ya rabo da goro da jan biro. Ya karanta, ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube ni ya ce, "Samari, 'yan'uwanka ne?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "To me ya sa kake taya su murna?" Ya ja layi a kan tsira, ya rubuta tsere a samanta. Saura minti 7 a shiga labarai, amma sai da na sake buga shafin gaba ɗaya, domin ba ya yarda a miƙa wa mai karatu takarda mai gyara. Tun daren nan na gane cewa duk wanda ka ce ya tsira, ka tsaya a gefensa ne, kana jin daɗin yana raye.

Ke kuma kin zaɓi kuɓuta, zaɓin uwa. Kuɓuta sai da riƙo. Ki tuna tarwaɗa a hannun yaro a bakin rafi: ya damƙe ta, ta murɗa, ta kuɓuce, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Inda babu hannu ko tarko ko ƙangi, babu kuɓuta. Shi ya sa ta yi yawa a bakinmu tun da garkuwa da mutane ta zama ruwan dare. 'Yan mata 276 aka ɗauke daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014, 57 daga cikinsu suka kuɓuta tun a farkon lamarin, wasu ta hanyar dirowa daga motar da ke tafe da su. Waɗannan sun tsere, sun kuɓuta, sun tsira, duk uku, kuma ba mai jin warin laifi a tserewarsu, don kowa ya san wanda ke bayansu.

Af, tun da mun zo nan, ki riƙa kasa kunne da kyau in kin ji "kuɓutar da" a labarai. Kuɓuta, mutum shi ya yi. Kuɓutar da, wani ya yi masa, kuma mai yin yana jiran yabo. Jami'i zai ce mun kuɓutar da su. Mutanen ƙauye za su ce an sako su. Dangin da suka sayar da gona da shanun huɗa za su ce mun fanso su. Mutanen ɗaya ne, ranar dawowarsu ɗaya, amma labari ya zama uku. Mai fassarar da bai san yadda aka yi ba, gara ya ce sun dawo gida ya huta.

To ɗanki fa, wa ya riƙe shi? Ba mutum ba ne, gari ne. Yaƙin ya tashi ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan na Janar Burhan da dakarun kar-ta-kwana na RSF na Hemeti, kuma tun ranar farko filin jirgin saman Kartum ya zama fagen daga. Wanda ke cikin birnin ba gaba ba baya, ruwa da wuta sun yanke a unguwanni da yawa. Wannan rutsawa ce, wanda aka rutsa da shi kuwa in ya fita, ya kuɓuta. Saboda haka ba ki yi kuskure ba, illa dai kalmarki a bakin gari ta tsaya. Ranar da bas ɗinsu ta bar Kartum, ya kuɓuta daga Kartum. Amma ke da kanki kin ce sun yi kwanaki a rana a iyakar Masar. A kwanakin nan, da wata maƙwabciya ta shigo ta ce miki "barka, ɗanki ya tsira", me za ki ce mata? Na tabbata cewa za ki yi, "Tukuna dai, a ci gaba da addu'a."

Nan Alhaji ya yi muku fintinkau. Tsira ba a faɗinta a hanya, sai an kai. Kalma ce ta waiwaye: mutum ya tsaya inda haɗarin ba ya iya cim masa, ya juya ya kalli abin da ya baro. Jirgin farko na waɗanda suka bi ta Masar ya sauka Abuja a daren 3 ga Mayu, kuma daga wannan saukar ce bakin iyaye ya iya furta ta ba tare da ɗar-ɗar ba. Abin da muke nufi da tudun mun tsira ke nan. Karin maganar daga ruwa ta fito: wanda ambaliya ta koro, ko wanda kwalekwale ya kife da shi, yana iyo, yana kama reshe, duk bai tsira ba sai ƙafarsa ta taka tudu. Saboda haka ne ma malamai suka fi kowa amfani da ita. In sun ce Allah ya ba mu tsira, ba gobe ko jibi suke nufi ba, gobe ƙiyama suke nufi, inda babu sauran wata iyakar da za a tsaya a rana.

Tana da wata ɗabi'a kuma da nake so: tana son "da". Ya tsira da ransa, ta tsira da mutuncinta, ya tsira da imaninsa, ka tsira da na bakinka. Wato tana lissafa abin da ka fito da shi a hannu, kuma a fakaice tana gaya mana an bar wani abu a baya. Wanda aka ce ya tsira da ransa, to kada ki tambaye shi jakarsa. Ina kyautata zaton ɗanki ma ya baro littattafai da takardu a ɗakin nan.

Amma ga inda Alhaji ya bar ƙofa a buɗe. Tsira ba dole sai an bar wuri ba. Mota za ta yi karo a hanyar Wudil, a ce mutum biyu sun tsira, alhali suna zaune cikinta ba su motsa ba. Gidan da gobara ta zagaye ta bari, ya tsira, kuma gida ba ya tafiya. Ke kuwa tambayarki a kan barin wuri ce. Tsira ta kawo miki lafiyar, ba ta kawo miki fitar ba.

Bari in kare ango kaɗan, don kin yi masa saurin hukunci. Ki lura bai ce "kwaso ni aka yi" ba, ya ce "kwaso mu". Wannan Hausa ce tsantsa. Kwasa tana son abu mai yawa, hatsi ne, kaya ne, jama'a ce. In aka ce an kwashi mutum ɗaya, to ba ya kan ƙafarsa: an kwashe shi ranga-ranga sai asibiti. Amma ɗaruruwan ɗalibai a jerin bas-bas, ai kwasa ce, babu raini a ciki. Ki kuma lura da wasalin ƙarshe. Jaridun Masar ko na Sudan, da da Hausa suke fita, "an kwashe" za su rubuta, don daga wajensu aka tafi da mutanen. Mu da aka kawo mana su, "an kwaso" muke cewa, kamar fita da fito, kai da kawo, koma da komo. Wannan "o" ita ce ke juyo da aiki zuwa wajen mai magana. Abin da yaron yake gaya miki shi ne: ba ni na yanke shawarar barin karatuna ba, hukuma ce ta zo ta ɗebe mu baki ɗaya. Mutuncinsa yake karewa, kuma yana da gaskiya. Aibin kalmar guda ne, ba ruwanta da niyyar mai kwasar. Hukumar agaji tana kwashe mutane, 'yan bindiga ma suna kwashe mutane.

In kina son ki ga kalmomin nan duka suna aiki a rana ɗaya, ki tuna Maiduguri. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ta taɓa yin haka a 1994, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 270 suka tsere. Kadoji da macizai suka kuɓuce daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Sojoji da 'yan sa-kai suka shiga da kwalekwale da manyan motoci suna kuɓutar da waɗanda ruwa ya rutsa da su a kan rufin gidaje, aka kwashe dubbai zuwa sansanoni irin na Bakasi. Da ruwa ya janye aka shiga lissafin waɗanda suka tsira. Ki gwada musanya su ki ji: fursunoni sun tsira, mazauna gari sun tsere. Labarin ya koma wani daban, har ya zama abin faɗa.

To ina kalmar da kike nema? Gaskiyar magana Bahaushe bai ɗora wannan kaya a kan kalma ɗaya ba. Raba shi ya yi gida biyu: ya ɗauki aikin da aka yi, ya rataya masa "lafiya". Ya fita lafiya. Mun rabu lafiya. Taro ya tashi lafiya. Matafiyi a ce masa sauka lafiya, mai ciki a ce Allah ya raba lafiya, abokin ciniki a ce Allah ya sa mu wanye lafiya, tsoho ya ce Allah ya sa mu gama da duniya lafiya. In ana son ƙarfafawa a ce lami lafiya, in kuma ba hayaniya aka fita a ce salin-alin. Lafiyar nan aro ce daga Larabci, amma ta daɗe da zama 'yar gida, har ba a gaisawa sai da ita. Kuma ki lura, kusan duk inda ta fito addu'a ce ko godiya. Mutanenmu ba su cika son a ce mutum shi ya fitar da kansa ba. Allah ya fisshe shi, ya auna arziki, kwanansa na gaba. Ko wanda ya yi gudun ceton rai da ƙafarsa, "barka da arziki" ake ce masa, ba "sannu da gudu" ba.

Saura kalma ɗaya da babu wanda ya ambata a gidanku, kuma ita ce ta fi daɗewa a raina tun da na karanta wasiƙarki: hijira. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa, barin wuri ne don neman aminci. Amma ba za ki taɓa jin malami ya ce Shehu ya tsere ba. Hijira ya yi, koyi da wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi daga Makka zuwa Madina a 622. (Kin ga tsira ta sake fitowa, a salati ma ita muke roƙo.) Hijira fita ce mai dalili da girma. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kama hanyar gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. Shi bai kai ba, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno shi ya ci gaba da sauran har Sudan, suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ga su, Sudan ita ce tudun mun tsira. Shekara 120 cif bayan haka sai ga 'ya'yanmu ana kwaso su daga Sudan zuwa yamma. Kuma da yaƙin ya isa jihar Sennar a 2024, Hausawan can ba su da jirgin da zai zo ɗaukarsu, don su 'yan ƙasa ne, nan ne gida. Su abin da ya same su gudun hijira ne, kalma biyu da muka haɗa muka yi wa wanda ya fita da ƙafarsa, ba laifi ya yi ba, kuma bai san ranar komawa ba.

Da Baffa ya tambaye ni kafin ya karɓi lasifika, da na ce masa ya ce "wannan yaro da Allah ya fid da shi daga Sudan lafiya". Ba wanda zai ɓata rai, kuma da amin ta cika wurin. Amma Hajiya, don Allah kada a kai masa gyara yanzu. Mutumin da ya sa babbar riga ya tashi yabon ɗan wansa, suɓutar baki ce ta same shi. Ki ce wa ango ya kai masa amarya gaisuwa.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina koyarwa a wata lakwal a Maraɗi. Tun gobarar Nuwamba 2021 da ta cinye azuzuwan zana ta kashe yara sama da 20 a garin nan, hankalinmu bai kwanta ba. Yanzu mun samu azuzuwan bulo, mun matsa an fasa ƙofa ta biyu a bayan kowane aji. Muna so a rubuta a samanta da Faransanci da Hausa. Wani ya ce Mafita, wani ya ce Matsera, wani ya ce Ƙofar Tsira. Wanne za mu ba mai fenti?

Wani malami, Maraɗi

AMSA

Na so in kira ka Mushe, wato Monsieur na Faransanci, kamar yadda ɗalibanka ke yi, amma masu karatu na wannan gefen iyaka za su zaci zaginka na yi, don haka sannu Malam. Allah ya jiƙan yaran, da na Yamai da irin wannan gobara ta ci a Afrilun shekarar, ya kiyaye gaba. Ƙofar nan da kuka fasa ta fi duk abin da zan faɗa daraja.

Mafita ginin ta daidai ne, irin na mashiga da masauki da mahauta. Amma 'yan siyasa da masu sharhi sun tsotse ta. Yau in an ce mafita, abin da ke zuwa zuciya shi ne taron neman mafita, ba ƙofa mai ƙyaure ba. Matsera kuwa a bakin mutane kusan kullum da "ba" take tafiya, ba matsera, kuma ko ta tsaya ita kaɗai umarnin da take bayarwa shi ne a ruga. Gudu a bakin ƙofa ɗaya shi ke kawo turmutsitsi, ƙaramin yaro ya faɗi a bi ta kansa. Ƙofar Tsira tana da daɗin ji, sai dai ta fi kama da kan wa'azi.

Ni dai da ni ne, kalma uku zan ba mai fenti: FITA TA NAN, da manyan baƙaƙe, da kibiya a ƙarƙashi. Yaron da ya fara haɗa baƙi zai iya karantawa, wanda bai fara ba zai bi kibiya. Abin da ya fi rubutun kuma: ƙofar ta riƙa buɗewa waje, kada a sa mata kwaɗo muddin akwai yaro a aji, kada a jibge mata karyayyun bencina a baya, domin na sha ganin ƙofar baya ta koma sito. Lokaci-lokaci a buga ƙararrawa ba sanarwa, a fita a jere ba gudu, kowane aji ya taru a gindin itacensa, malami ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. In kuna son kalmar tsira ta shiga makarantarku, a jikin wannan itacen za ku rataye ta. Ku sa allo a gindin dalbejiyar ku rubuta Tudun Mun Tsira. Yara za su haddace shi kafin sati.

TAMBAYA

Baba, ni ɗalibi ne, a Zango aka haife ni, Hausar littafi yanzu nake koyo. Na ga an rubuta "gero ya tsira", na kuma ga "mutum ya tsira". Kalma ɗaya ce?

Wani ɗalibi, Kumasi

AMSA

A'a ɗana, biyu ne, rubutun boko ne ya sa musu riga iri ɗaya. Ka faɗe su da ƙarfi ka saurari kanka. Ta mutum ana jan wasalin farko, tsiira, murya kuma a sama take daga farko har ƙarshe. Ta gero gajeruwa ce, tana farawa ƙasa ta hau. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke kama ɗaya a takarda. Masu rubutun ajami sun fi mu sauƙi a nan, don sukan ƙara harafi su nuna ja. In ka rikice, ka nemi sunan aikin: na shuka tsiro ne, na mutum tsira ce.

Yawanci jimla ita ke raba gardama, amma ba kullum ba. Wani ƙanena da ke noma a ƙauyenmu yakan turo mini saƙo ta waya, kuma sau biyu a shekara ɗaya ya rubuto mini kalmomi huɗun nan: "Yaya, geronmu ya tsira." Na farko a watan Yuni ne, kwana huɗu bayan shuka. Na biyu a ƙarshen Satumba, bayan ruwa ya ɗauke mana na sati uku, jan baki kuma ya sauka a gonakin maƙwabta.